Na je wankan onsen a Kinosaki, kunya ta kusa hana ni taɓa ruwan

Tunda na dawo daga Japan ake ta damuna da tambaya wai da gaske ne can mutane tsirara suke wanka a wuri ɗaya, to eh da gaske ne, amma bari in ba ku labarin yadda ta kaya da ni a Kinosaki tunda kuɗina na biya.

Wani kwas ne ya kai ni Osaka a watan Janairu, sai abokin aikina ɗan Japan ya matsa wai ba zan bar ƙasar ba sai na shiga onsen, wato ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Muka bi ta Kyoto, daga nan jirgin ƙasa ya kai mu Kinosaki cikin kamar awa biyu da rabi. Garin ɗan ƙarami ne a jihar Hyogo, rafi ya ratsa tsakiyarsa, kuma an san shi da gidajen wanka guda 7, in ka sauka a masaukin gargajiya da suke kira ryokan za a ba ka kati ka shiga duk wanda ka ga dama ba ƙarin ko sisi. Da yamma kowa ya fito cikin yukata, wata riga mai kama da ta barci, da takalmin katako, ba abin da kake ji a titi sai ƙwas ƙwas.

Tun daga rigar na fara kwafsawa. Na ɗora ɓangaren dama a kan na hagu na ɗaure na fito ina taƙama, tsohuwar da ke kula da masaukin tana hango ni ta taso da gudu tana ta sunkuyawa tana nuna ƙirjina, abokina kuwa dariya har da riƙe ciki. Ashe gawa ake yi wa wannan ɗaurin, mai rai hagu yake ɗorawa a sama. Wato dai likkafani na sa zan fita yawo.

Gidan wanka na farko muka cire takalma a bakin ƙofa, labule shuɗi na maza, ja na mata. Muna shiga ɗakin tuɓe kaya na ga kowa na ta cire komai ko a jikinsa, tsoho da yaro da mai tumbi. Na tsaya da gajeren wandona na ce a haka zan shiga, abokina ya ce ba a yarda ba, ko kayan ninkaya ba a shiga da su, abin da ake ba ka ɗan tawul ne da bai fi hankici biyu ba. Wallahi sai na ji ƙafata ta yi nauyi. Mu da aka taso da mu kan cewa daga cibiya zuwa gwiwa al'aura ce, ina zan iya? Gaskiya ba wanda ya kalle ni, su ba sa kallon juna kwata-kwata kuma ba hayaniya ba waya, amma ni dai na mai da rigata na fita na jira shi a benci.

Abin da ya ceci tafiyar shi ne kashikiri, ɗakin wanka da za ka kama kai kaɗai ko da iyalinka ka kulle ƙofa. Masaukinmu na da shi, na kama na minti 45. Dokar dai ɗaya ce da ta gidan wankan jama'a don wani zai shiga ruwan bayanka. Ba a wanka a cikin kwamin, sai ka zauna kan 'yar kujera a gefe ka cuɗa jikinka da sabulu ka ɗauraye tas har kumfa ta ƙare, ka wanke kujerar da robar da ka yi amfani da su, sannan ka shiga. Wannan zaman ma sai ya tuna min wankan bokiti a gida. Tawul ba ya taɓa ruwa, ninke shi ake yi a ɗora a ka.

Ruwan kuwa kusan digiri 42 ne. Wanda ya san Wikki a Yankari mai digiri 31 kar ya ɗauka ɗaya ne, wancan ɗumi ne kawai. Na fara sa ƙafa na janye, na ɗebi ruwan na watsa a jiki kamar yadda aka koya min, sannan na lallaɓa har wuya. Kwamin a waje yake ba rufi, dusar ƙanƙara na sauka a goshina tana narkewa, jikina kuma kamar ana gasa shi, ciwon bayan da na kwaso a jirgi na neme shi na rasa. Daɗi ya ɗebe ni na yi kusan minti 20, ina miƙewa jiri ya kwashe ni sai da na dafa dutse. Ku sha ruwa kafin ku shiga, kuma ku dinga fitowa kuna hutawa.

Abin da bai min ba, lokacin kashikiri kamawa ake yi kuma na dare duk an riga ni, ƙarfe 4 na yamma na samu, don haka ku nema tun ranar da kuka kama ɗaki. Abincin dare ma kaguwa ce ta lokacin sanyi, amma miyarsu ana yawan sa mirin da sake, giyar shinkafa ke nan, sai da muka yi ta bayani aka kawo min dafaffiya zalla. Mai zanen tatu fa a yawancin onsen ba ya shiga saboda ana danganta shi da 'yan yakuza, wato gungun masu aikata laifi na Japan, amma gidajen nan 7 suna karɓa.

Na ba wurin 8 cikin 10. Katin nan dai na dawo da shi sau ɗaya tak na yi amfani da shi, shi ma iyakata ɗakin tuɓe kaya.