Kafin ka sayi abin fitar da layin ninki a kwali mai kauri

Kati ya fito tsaf daga inji, ana ninka shi sai ka ga farin layi ya dare a bayan ninkin. Hakan kan fara ne idan nauyin takarda ya haura giram 170 a kowace murabba'in mita, balle 300 ko 350 da ake yin katin gayyata da bangon littafi da su. A wurin ninki fuskar waje miƙewa take yi, ta ciki kuma ta takure. Kauri na yin yawa sai ta wajen ta fashe.

Kayan fitar da layi iri biyu ne: masu yanka da masu dannawa. Ƙaramar tayar ƙarfe da ake maƙalawa a abin yanka takarda tana da araha da sauri, amma tana datse zaren saman takardar. Ta yi daidai da takarda mara kauri. A kan kwali mai sheƙi da aka shafe da baƙi ko shuɗi kuwa, ita ce ma ke fara ɓarnar.

Mai dannawa ya fi. Dasasshen ƙarfe ne ke tura kwalin cikin wani kwarmi, sai ɗan tudu ya fito ta ɗaya gefen ba tare da an yanke komai ba. Mafi sauƙinsa allo mai layuka da ɗan ƙashin goge ninki, wanda ya ishi mai yin kati ashirin ko talatin, muddin hannunsa bai cika nauyi ba. Daga nan sai injin hannu mai mariƙi, wanda a ganina shi ya fi dacewa da ƙaramar maɗaba'a. Na lantarki irin na kamfanin Morgana ko Duplo sai mai fitar da dubbai. Wanda ya riga ya mallaki injin ninki zai iya ɗaura masa Tri-Creaser, mai dannawa da roba maimakon ƙarfe.

Ko wanne za ka ɗauka, tambayi kwarmi nawa yake da shi. Faɗin da ya dace da giram 200 ya yi wa 350 kaɗan. Inji mai kwarmi ɗaya tak zai matsa maka.

Sai dai rabin maganin a wurin sayen takardar yake. Zaren kowace takarda gefe ɗaya yake kwanciya, kuma ninkin da ya bi kwanciyar ya fi lafewa. Lanƙwasa falle ɗaya ta tsawo, sannan ta faɗi. Lanƙwasar da ta fi saurin ba da kai, layinta ne ya bi kwanciyar zaren. Mara sheƙi ta fi mai sheƙi juriya, wadda aka sake sarrafawa kuma zarenta gajere ne. Kwalin da aka rina har cikinsa ko ya dare ba ya nuna fari.

Bugun firinta mai garin tawada ya fi saurin darewa, don garin a sama yake zama, zafin injin kuma ya busar da takardar. Bari ta huce, ta sha danshin ɗaki. Danshin kashi 45 zuwa 55 cikin 100 shi ake so. In aikin mai tsada ne, a yi lamineshin, wato a manna wa kwalin siririyar leda, kafin a fitar da layi.

Wurin ninkawa, tudun ya kasance a ciki, kwarmin a waje. Da yawa juya shi suke yi, sannan su ɗora wa injin laifi.