Kyamarar ZWO ASI224MC: ta cancanci kuɗinta, amma ba ita kaɗai za ka saya ba

Ga mai son hoton duniyar Mushtari ko Zuhal ya fito garau daga Accra, wannan ƙaramar kyamara ta fi waya da ake mannawa a bakin madubin hangen taurari nesa ba kusa ba. Sensarta, wato ɓangaren da ke karɓar haske, Sony IMX224 ce, mai ɗigo 1304 × 976, kuma aikinta ɗaukar bidiyo da sauri. Iska tana sa hoton rawa, don haka sai a ɗauki dubbai, a zaɓi waɗanda suka tsaya, a haɗa su.

Girman ɗigonta maikiron 3.75 ne, shi ya sa ta fi jin daɗin madubi mai wajen f/18 zuwa f/20 (lambar f na ƙaruwa, hoton na ƙara girma). Mai madubin Celestron C8 na f/10 sai ya ƙara gilashin Barlow mai ninki 2, wanda zai kai shi f/20. A manhajar ɗaukar bidiyo ta SharpCap ko FireCapture ka rage filin hoton zuwa 640 × 480, ka zaɓi tsarin RAW8 da fayil ɗin bidiyo na SER. Hoto 100 a daƙiƙa na minti 2 ya ba ka 12,000. Kada ka wuce minti 3, domin Mushtari yana juyawa cikin ƙasa da awa 10, zanensa sai ya goge. Manhajar AutoStakkert! ta tace kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na hotunan da suka fi kyau ta haɗa su, manhajar RegiStax ta ƙara musu kaifi ta fito da zanen. A nan ne hannu ke yin nauyi har gefen duniyar ya yi zobe fari.

Babban aibinta: tana shan hasken infrared, wanda ido ba ya gani, sosai. In babu matatar UV/IR, gilashin da ke tare wannan hasken, launi yana komawa ja-ja, kuma matatar daban ake sayenta. Sensar ƙarama ce, neman duniyar a ciki yana cin rai in ba a daidaita ƙaramin madubin saiti ba. In da igiyar USB 2 ko tsohon faifan kwamfuta ake aiki kuwa, hotuna za su riƙa zubewa.

Accra tana kusa da digiri 5.6 arewa, duniyoyin suna hawa kusan tsakar ka, inda iska ba ta da kauri. Fitilun gari ma ba su hana komai. Abin da ke ɓata aiki shi ne zafin da rufin kwano na Nima da Mamobi ke fitarwa bayan magariba, sai raɓar teku da ke kwanciya a gilashi. A jira dare ya raba, a fitar da madubin minti 45 kafin farawa, musamman in ɗakin mai sanyi ne. Ajiya kuma cikin akwati mai marfi da ƙunshin silika, saboda fumfuna.