Ticket to Ride: wasan da ya sa yarana suka ajiye waya

Shekara biyu ke nan da kwalin Ticket to Ride ya shigo gidana, har gefensa ya fara yagewa saboda yawan ɗauka da ajiyewa. Ƙanena ne ya kawo mana shi, bayan wani dare da muka zauna wasan Monopoly. Tun a awar farko babban ɗana ya tsiyace, ya ja gefe ya kama danna waya, mu kuma muka yi ta zagaye allo har barci ya kwashe Auta a zaune. Ba mu gama ba muka tashi. Abin ya tsaya mini a rai, domin na tara su ne don mu zauna tare, sai ga wasan da kansa yana korar su ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar na fara neman wasan da ba a fitar da kowa har a kai ƙarshe.

Wani mai tsara wasanni da ake kira Alan R. Moon ne ya ƙirƙiro shi, ya fito a 2004, kuma a shekarar ya ci Spiel des Jahres, babbar kyautar da ake ba wasannin allo a Jamus. Mutum biyu zuwa biyar ke yin sa. Idan an buɗe allon za a ga taswirar Amurka da kudancin Kanada, garuruwa haɗe da layukan dogo masu launi daban-daban. Kowa na samun taragai 45 na roba, da katunan jirgi huɗu, da tikiti uku da zai riƙe aƙalla biyu daga ciki. Kowane tikiti na ɗauke da sunan gari biyu da makin da za ka ci in ka haɗa su. Denver zuwa El Paso maki 4 ne kawai, Seattle zuwa New York kuwa 22. Ba ka nuna wa kowa tikitinka.

Idan layi ya zo kanka, abu ɗaya cikin uku za ka yi: ko ka ɗebi kati biyu, ko ka zube katunan launi ɗaya ka shimfiɗa taragai a hanya mai wannan launin, ko ka ja sababbin tikiti. Iyakar dokar ke nan. Mahaifiyata, wadda ba ta taɓa riƙe katin wasa ba, ta gane shi kafin mu gama zagaye na uku.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka tsara makin. Hanya mai tarago ɗaya maki ɗaya ce, mai uku maki 4, mai biyar 10, mai shida kuwa 15. Saboda haka kullum zuciyarka a rabe take: ka ci gaba da tara kati don doguwar hanya mai riba, ko ka yi sauri ka kama 'yar gajerar nan kafin wani ya riga ka? Kuma duk tikitin da ka kasa cikawa, makinsa ake cire maka a ƙarshe. A nan ne yarana suka gane da kansu cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne, domin babban ya taɓa jan tikiti bakwai yana ganin zai cika su, aka tashi ya rasa uku. Ba a jefa ɗan lido a wannan wasa. Akwai sa'a a katin da ya faɗo maka, amma wanda ya lura da abin da na kusa da shi ke ɗiba yakan fi wanda ya dogara da sa'a.

Bari in ba da labarin daren da ba ma mantawa da shi. Ƙanena na riƙe da tikitin Los Angeles zuwa Miami, mai maki 20. Ya shimfiɗa doguwar baƙar hanya zuwa El Paso, ya shimfiɗa koriya zuwa Houston, ya koma ya kama ja daga New Orleans zuwa Miami. Duk mun ga inda ya dosa. Abin da ya rage masa 'yar hanya ce mai tarago biyu tsakanin Houston da New Orleans, ya bar ta don yana ganin ai ƙarama ce, kowane lokaci zai ɗauka. Auta ta daɗe tana kallon wurin, harshenta a gefen baki kamar yadda take yi in tana lissafi. Da layi ya zo kanta sai ta ajiye kati biyu, ta ɗora taragunta rawaya a wurin a hankali.

Ya dafe kai ya ce, "Haba Auta, ni za ki yi wa haka?"

Ta ce, "Yi haƙuri Kawu, ni ma hanyata ce."

Kuma gaskiya ta faɗa, da aka buɗe tikiti a ƙarshe mun ga tana buƙatar wurin. Dole ya zagaya ta Dallas da Little Rock, tarago shida maimakon biyu, ya isa da ƙyar ana saura zagaye ɗaya a rufe. Yarinya 'yar shekara tara ta sa babban mutum gumi, ba don an yi mata sassauci ba. Wannan nake so a wasan iyali, kuma ban same shi a wurare da yawa ba.

Wasan na ƙarewa ne idan taragan wani suka koma biyu ko ƙasa da haka. Kowa ya ƙara yin sau ɗaya, sai lissafi. Mai layi mafi tsawo da bai yanke ba yana samun ƙarin maki 10. Mu huɗu mukan gama cikin awa ɗaya ko ƙasa. Kuma tunda tikiti a ɓoye suke, ba wanda ke sanin wanda ya ci sai an buɗe, don haka ba mai karaya ya tashi a tsakiya.

Yana da nasa aibin, kuma gara in faɗa. Katunan da ke cikin bugun da nake da shi ƙanana ne ƙwarai, guda 110, suna da wuyar gaurayawa, kuma in mutum ya tara ashirin a hannu sai sun riƙa zamewa. Mahaifiyata kan shimfiɗa nata a bayan murfin kwalin don kada a gani. Akwai ƙarin kaya mai suna USA 1910 da ke zuwa da manyan katuna da ƙarin tikiti, amma wannan sayayya ce ta biyu. Allon kuma yana cin wuri, sai babban teburi ko a shimfiɗa a ƙasa, kuma hannu ɗaya na ƙaramin yaro ya isa ya watsa taragan duka. Idan akwai mai rarrafe a gida, a kula sosai, don taragan sun isa shiga baki. Sannan neman garuruwa a taswira na ɗaukar lokaci a farko. Sai da muka yi wasa biyar ko shida kafin yara suka daina tambayar ina Helena take, wanda kuma tambayar kanta tona asirin tikiti ce. Mutum biyu ma wasan bai cika armashi ba, fili ya yi yawa, kowa na harkarsa. Da huɗu ko biyar ne yake ɗaukar zafi.

Shawara ɗaya daga abin da muka gani: a sake ƙirga makin hanyoyi a ƙarshe. Ana mantawa a matsar da alamar maki idan wasa ya yi daɗi, kuma mun sha samun bambancin da ya canza wanda ya ci.

Gidan da tare hanya zai iya jawo kuka ko fushi, ina ganin bugun Turai, wanda ya fito a 2005, ya fi dacewa. Na yi shi sau biyu a wurin wata ƙawata. A cikinsa kowa na da tasha uku da zai iya kafawa ya ari hanyar wani idan an rufe masa, katunansa kuma manya ne. Sai dai dokokinsa sun ɗan fi yawa, shi ya sa ga wanda bai taɓa yi ba na fi son a fara da na Amurka.

Ba shi kaɗai muke yi ba. Idan mun haura biyar, Uno muke ɗaukowa, tunda yana ɗaukar har mutum goma, amma a daidaita kan doka kafin a raba kati, musamman batun ɗora katin jan biyu a kan wani, wanda ba ya cikin asalin dokar kuma shi ke kawo gardama. Ga ƙananan da ba su iya karatu ba, Dobble ya fi: kati 55, kowane biyu suna da hoto ɗaya tak iri ɗaya, wanda ya riga gani shi ya ci, kuma yara sukan fi manya saurin ido. Ni da maigidana in mu biyu ne, Carcassonne muke yi, wasan da ake jera ƙananan guntayen allo a gina taswira.

Amma in aka ce a ɗauko wasa ba a faɗi suna ba, kwalin jirgin nan ake saukowa da shi. Ƙanena yanzu da ya zauna, tun kafin ya gama duba tikitinsa yake fara kama hanyar Houston zuwa New Orleans. Auta kuma ta koma tsaron wadda ke tsakanin Nashville da Atlanta.