Bitar Wasu Darussan Intanet a kan Mulki da Aikin Jiki

Na kammala wani jerin darussa na intanet da ke kwatanta tafiyar da mulkin al'umma da yadda jikin mai rai yake daidaita kansa, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu, ko da yake akwai gyara.

Darasin da ya fi ratsa ni shi ne na zafin jiki. Malamin ya nuna a zane yadda wani sashe na ƙwaƙwalwa ke riƙe zafin ɗan Adam kusa da digiri 37: idan ya haura, gumi ya karyo, idan ya sauka, makyarkyata ta kama mutum, ba tare da ya ba da umarni ba. Daga nan malamin ya tsallaka zuwa ƙasar Cile, inda gwamnatin Salvador Allende ta gayyaci wani masanin tsarin gudanarwa ɗan Ingila, Stafford Beer, a 1971, domin ya gina tsarin da masana'antu za su riƙa aiko da rahotonsu kowace rana a gane matsala tun tana ƙarama, kafin juyin mulkin 1973 ya katse aikin. Sau biyu na maimaita wannan sashe.

Inda na ga gazawa shi ne malamin bai tsaya a kan iyakar kwatancen ba. Hanta ba ta da ra'ayi, kuma ba ta kaɗa ƙuri'a, alhali kowane talaka yana da buƙatarsa da haƙƙin ya ce bai yarda ba, amma cikin 'yan mintuna aka wuce wannan batu mai nauyi. Sauti ma yakan dusashe a darussan ƙarshe, har sai da na sa abin kunne.