Littattafan David Mamet: Wanne Mai Koyon Rubutun Fim Zai Fara Saya?

Littafin da za a yi odarsa daga Amurka ko Ingila ba abin da ake saya da garaje ba ne a wannan zamani. Ga kuɗin littafin, ga kuɗin kawo shi, ga canjin dala, sai ka tarar littafi ɗaya ya cinye abin da ka ware wa uku. Saboda haka mai koyon rubuta fim ko wasan kwaikwayo, wanda ya ji ana ta ambaton David Mamet, gara ya san abin da zai ɗauka tun kafin kuɗinsa su bar aljihu. Mutumin ya yi rubuce-rubuce da yawa, kuma ba dukkansu ne za su amfane ka ba.

An haifi Mamet a Chicago a 1947, mahaifinsa lauyan ƙungiyoyin ƙwadago ne. Ya yi karatu a kwalejin Goddard da ke jihar Vermont, ya so ya zama ɗan wasa, daga baya ya karkata ga rubutu. Kafin sunansa ya fito ya tuƙa tasi, ya kuma yi aiki a wani ofishin dillalan filaye, inda ya ga yadda ake sayar wa mutane fili da zaƙin baki. Wasan kwaikwayonsa American Buffalo, wanda aka fara nunawa a Chicago a 1975, yana cikin waɗanda suka fara jawo hankali gare shi. Wani wasan nasa, Glengarry Glen Ross, ya kawo masa kyautar Pulitzer, babbar lambar yabo ta marubuta a Amurka, a 1984. A ɓangaren fim shi ya rubuta The Verdict na 1982 da The Untouchables na 1987, kuma sau biyu yana shiga jerin 'yan takarar Oscar, na farko da The Verdict, na biyu da Wag the Dog na 1997. Wato mutum ne da ya ci abinci da dandamali, ya kuma ci da kyamara.

In kuɗin littafi ɗaya gare ka, sayi On Directing Film. Ba na ko tantama a kan wannan.

Sunan yana iya sa ka ɗauka na daraktoci ne kawai. A ganina marubuci ya fi darakta bukatarsa. Ɗan siriri ne, shafukansa sun ɗan haura ɗari, ya fito a 1991, kuma asalinsa darussa ne da Mamet ya bayar a makarantar fim ta jami'ar Columbia a 1987. A lokacin fim biyu kacal ya taɓa ba da umarni, House of Games da Things Change, kuma shi da kansa ya faɗa a gabatarwa cewa bai gama gogewa ba sa'ad da ya yi darussan. Wannan ya yi wa littafin amfani, domin magana ce ta mutumin da bai daɗe da fitowa daga wahalar koyo ba, bai manta inda ake tuntuɓe ba.

Babban ɓangaren littafin muhawara ce tsakaninsa da ɗalibai, an rubuta ta yadda ta gudana. Suka ɗauki ƙaramin labari: ɗalibi yana son malaminsa ya janye wani hukunci da ya yanke a kansa. Mataki na farko, ɗalibin ya zo aji da wuri don ya burge malam. Tambayar ita ce, ta yaya mai kallo zai gane ya zo da wuri ba tare da wani ya buɗe baki ya faɗa ba? Ɗalibai suka yi ta kawo shawarwari, yana ture su ɗaya bayan ɗaya, har aka tsaya a kan abu mai sauƙi: mutum yana tafe a baranda, hannu ya murɗa mariƙin ƙofa, ƙofa a kulle, mutum ya zauna yana jira. Ba kallon agogo da zare ido, ba tsaki, ba maganar zuci. Hotuna ne tsirara, an jera su, mai kallo ya haɗa ma'anar da kansa. Mamet bai ce shi ya ƙirƙiro wannan ba, ya jingina shi ga Eisenstein, daraktan nan na Rasha, wanda ya koyar da cewa ma'ana tana fitowa ne daga haɗuwar hoto da hoto.

Duk wanda ya saba kallon finafinanmu masu dogon zango ya san ciwon da wannan darasi yake magani. Mutum biyu a falo, kowa a kujerarsa, suna ba juna labarin abin da muka riga muka gani a fitowar baya. Bayan ka karanta wannan babin, da wuya ka sake rubuta irin wannan fitowar hankalinka kwance. Za ka riƙa tambayar kanka me wannan mutumin yake nema a nan, kuma wane hoto ne zai nuna shi. Akwai wani babi da suka gina fim sukutum a kan manomi mai neman rabuwa da aladensa. In dabbar ba ta kwanta maka ba, mayar da ita akuya mai ɓarna a zuciyarka, darasin bai canja ba. Turancin littafin ma mai sauƙi ne, wanda ya gama sakandare da kyau zai bi shi da ɗan taimakon ƙamus.

Aibinsa shi ne tsauri. Mamet yana magana kamar babu wata hanya sai tasa, yana kuma rage darajar abin da ɗan wasa yake kawowa, har ya kusa mayar da shi mai cika umarni kawai. Kada ka yarda da shi a komai. Akwai manyan finafinai da suka tsaya a kan fuskar ɗan wasa da doguwar ɗauka wadda ba a yanke ba. Amma mai koyo ya fi bukatar malami mai tsauri da farko, sassaucin ya zo daga baya.

Na biyu, in da sauran kuɗi, shi ne wasan Glengarry Glen Ross, bugun Grove Press. An fara nuna shi a National Theatre da ke Landan a 1983, Mamet kuma ya sadaukar da shi ga Harold Pinter, marubucin wasan kwaikwayo na Ingila. Dillalan filaye ne aka sa su gasa: na ɗaya ya sami mota Cadillac, na ƙarshe su rasa aiki. Kashi na farko fitowa uku ne a gidan cin abincin 'yan Sin, kashi na biyu a ofis bayan an fasa shi an sace takardun sunayen masu saye. Nan za ka ga yadda ake rubuta zance mai cizo: mutane suna katse juna, suna haɗiye rabin jimla, kowa yana farautar wani abu a bakin ɗan'uwansa. Dattijo Levene yana roƙon manajan ofis ya ba shi sunaye masu kyau, yana fariya da cinikin da ya yi a da, kana jin tsoron talauci a ƙarƙashin kowace kalma. Sai dai ka sani, ashar ya yi yawa ƙwarai a cikinsa. Ba littafin da za ka bari a tabarma yara su ɗauka ba ne.

Sauran kuwa ba sai na daɗe a kansu ba. Three Uses of the Knife na 1998 falsafar wasan kwaikwayo ce, sai ka yi nisa za ka more shi. True and False na 1997 na 'yan wasa ne, rabinsa faɗa ne da masu bin tafarkin Stanislavski, malamin 'yan wasan nan na Rasha. Bambi vs. Godzilla na 2007 ƙorafi ne a kan Hollywood, abin da za ka ɗauka a ciki tambayoyi uku ne: wa yake son me, me zai faru in bai samu ba, kuma don me sai yanzu. Ga su na ba ka kyauta. Darasinsa na bidiyo a MasterClass, shafin intanet mai sayar da darussa, yana bukatar rajistar shekara, da katin da zai biya dala, da data mai yawa, kuma kusan abin da ke cikin ƙaramin littafin nan ne yake maimaitawa. The Secret Knowledge na 2011 siyasa ce zalla, ya rubuta shi bayan ya bayyana a 2008 cewa ya koma ɓangaren 'yan mazan jiya. Yana da zafin ra'ayi a siyasar Amurka da batun Isra'ila, kuma da yawa daga masu karanta wannan ba za su yarda da shi ba. Ba wannan ka zo nema ba, kada kuɗinka su tafi can.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato jabu. Zaɓen littafi mai sauƙi ne a kan samun na gaskiya.

Ni an taɓa cuta ta a nan, shi ya sa nake ɗaga murya. Wani mai sayar da littattafai ta waya ya ce yana da sikirif ɗin fim ɗin Glengarry Glen Ross na 1992, na tura kuɗi, aka aiko mini da tarin takardu an ɗaure su da baƙin zoben roba, da bangon leda mai sheƙi. Da na buɗe, ba sunan mai magana ko ɗaya. Ba a rubuta waje ne ko ciki ba, dare ne ko rana. Layuka ne gajeru a jere daga sama har ƙasa, wani wurin ma an bar lambobin mintoci a gefe. Ashe rubutun nan na ƙasan allo aka kwafo aka buga. Mai koyo ba zai tsinci komai a irin wannan ba, domin abin da yake bukatar gani, wato yadda marubuci ya tsara fitowa a takarda kafin a ɗauka, shi ne aka rasa. Na kira lambar har na gaji, ba a sake ɗauka ba. Saboda haka duk wanda ya ce yana da sikirif, ka ce ya ɗauki hoton shafi biyu daga tsakiya ya turo maka kafin ka biya. Sikirif na gaskiya yana da kan fitowa da manyan baƙaƙe, da bayanin abin da ido zai gani, da sunan mai magana a tsakiyar layi. In ya fara kwana-kwana, rabu da shi.

Akwai kuma ruɗanin da ba cuta ba ne, amma yana sa mutane su zargi littafi mai kyau. Fitowar nan da ta fi shahara a fim ɗin, inda Alec Baldwin ya zo yana zazzaga wa dillalai masifa a gaban allo, ba ta cikin wasan dandamali. Mamet ya rubuta ta ne musamman don fim ɗin, wanda James Foley ya ba da umarni, da Al Pacino da Jack Lemmon a ciki. In ka sayi bugun Grove Press ba ka gan ta ba, littafinka lafiya lau yake. Akasin haka ne abin tuhuma: in an ce maka wasan dandamali ne kuma ga fitowar a ciki, wani ne ya yi haɗe-haɗe.

Jabu na biyu ya fi wayo, kuma yana kan manyan shagunan intanet. Za ka ga bango mai ɗauke da sunan littafin da sunan Mamet ɓaro-ɓaro, farashi mai rahusa, sai can sama da ƙananan baƙaƙe an rubuta Summary ko Study Guide. Ba littafin ba ne. Taƙaitawa ce da wani ya yi, yanzu ma sau da yawa na'ura ce take rubuta ta, shafi talatin ko arba'in na maimaita magana. Littafi irin On Directing Film, wanda daɗinsa yake cikin ja-in-ja da ɗalibai, in an taƙaita shi an kashe shi. Duba sunan marubuci a layin bayani, ba a hoton bango ba. Duba kamfanin ɗab'i: Penguin ne yake buga mai bangon takarda. Duba yawan shafuka. Sannan ka ɗauki lambar ISBN, wato lambar shaidar littafin, ka bincika ta dabam, ka ga ko sunan da ta fitar ya dace da abin da ake tallata maka.

Sai masu hoton takarda da ake ɗaurewa a bakin manyan makarantu. Ban da cin haƙƙin mai littafi, sau da yawa shafuka sun ɓace ko gefen rubutu ya yanke, kuma a littafin muhawara in shafi ɗaya ya faɗi ba za ka san tambayar da ake amsawa ba. Ƙirga lambobin shafi a gaban mai shago, kada kunya ta hana ka.

Mafi haɗari su ne masu tura mahaɗi a WhatsApp da Telegram, wai ga dukkan littattafan Mamet kyauta, ko ga shiga MasterClass a kuɗi kaɗan. Shafin zai ce ka sa lambar katinka don tantancewa kawai, ba za a cire ko kwabo ba. Daga nan sai a nemi lambar da banki ya turo maka a waya. Duk wanda ya nemi wannan lambar ɓarawo ne, ko da wane suna ya zo. Masu sayar da shiga ta haɗaka kuma, kwana kaɗan za a canja kalmar sirri, kuɗinka sun tafi. Haka masu tallar kwas da alkawarin takardar shaida mai sa hannun Mamet. Ka tambaye su a ina ya amince da hakan, ka ga ko za su iya nuna maka.

Hanyar da na fi natsuwa da ita ita ce gwanjo na gaskiya. Shagunan intanet irin su AbeBooks da ThriftBooks da eBay suna da tsofaffin kwafin On Directing Film, kuma littafin da ya fi shekara talatin a kasuwa ba ya wuyar samu. Karanta bayanin yanayin littafin, ka zaɓi mai sayarwa da ya sa hoton ainihin kwafin da zai aiko, ba hoton kamfani ba. Ɗan ja-layi da fensir ba ya hana karatu. Kuɗin kawowa ne yake da nauyi, don haka ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi oda ɗaya, ko ka roƙi mai dawowa daga waje ya saƙo maka shi a jaka, tunda bai fi kaurin littafin rubutu na 'yan makaranta ba. In an kawo, buɗe shi a gaban wanda ya miƙo maka, ka duba shafin haƙƙin mallaka da ke bayan shafin suna, ka tabbata babin manomin nan yana ciki kafin ka sallame shi.