Na daina cin nama, amma gwajin kitsen jini bai wanke ni ba

Na daɗe ba na cin nama saboda yana tayar mini da ciki. Abincina wake ne da awara da ƙosai, tuwo da miyar kuka, sai fura da nono da rana. Shi ya sa da likita ya tura ni gwajin kitsen jini, na tafi wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a Unguwar Rimi hankalina kwance.

Aikinsu yana da tsafta. Tun a waya suka ce kada in karya, in yi awa 9 zuwa 12 ba abinci sai ruwa. A gabana aka buɗe sabuwar allura, sakamako kuma ya fito ranar. Kuɗin dai da ɗan nauyi ga mai ƙaramin ƙarfi.

Takardar ce ta tayar mini da hankali. Jimillar kolestarol, wani nau'in kitse da ke cikin jini, ta haura 200, alhali ƙasa da haka ake so, maiƙon da ake kira tiraigilisarayid kuma ya wuce 150. Komai da Turanci, ga LDL (mugun kolestarol mai toshe jijiyoyin jini) ga HDL (kolestarol mai kyau), kuma ba wanda ya yi mini bayani sai da na tambaya. Nan ne suka gaza, domin dattijon da ba ya karatun boko zai naɗe takardar ne kawai ya tafi gida.

Da na tambaya kuwa, wata ma'aikaciyarsu ta zauna da ni, Allah ya saka mata. Ta ce hanta ce ke haɗa mafi yawan kolestarol ɗin jiki. Tsirrai ba su da shi, amma kusan rabin manja daskararren kitse ne mai ɗaga LDL, haka man shanun da nake zubawa a miya. Sukarin shayi da na fura, da farar shinkafa da burodi, su ne ke cusa tiraigilisarayid sama. Wani kuma yawan kolestarol ɗinsa gado ne, kusan mutum 1 cikin 250, ko me ya ci.

Yanzu dafaffen wake ya maye gurbin ƙosai a gidanmu, kuɓewa ta yawaita, manja kuma da cokali ake auna shi. Likita ya ce in maimaita gwajin bayan wata uku kafin a yi maganar magani. Can zan koma, kuma tare da ƙanwata, tunda mahaifinmu ciwon zuciya ne ajalinsa.