CRISPR, canjin harafi da firaim: wanne ne ya shafi sikila?

'Yar'uwa, kin tambaya ko dabarun gyaran ƙwayoyin gado da ake ta magana duk abu ɗaya ne, kuma wanne ne zai amfani ɗanki mai sikila. Allah ya ba shi lafiya. Ba ɗaya ba ne.

Rubutun gadonmu, wato DNA mai zare biyu, da haruffa huɗu aka yi shi: A, T, C da G. Sikila kuskuren harafi ɗaya ce tak, inda ya kamata a samu GAG sai aka samu GTG, shi ne jinin ke lanƙwashewa kamar lauje.

CRISPR-Cas9, wadda Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana a 2012 har suka samu kyautar Nobel a 2020, almakashi ce. Tana datse zaren DNA duka biyu, ta bar ƙwayar halitta ta ɗinke da kanta. Ɗinkin ba ya fita tsaf, shi ya sa ta fi ƙwarewa wajen kashe aikin wani sashe fiye da gyara shi. Kafin ita akwai ZFN da TALEN, su ma yanka suke yi, sai dai haɗa su akwai wahala.

Canjin harafi kuwa, wanda ɗakin binciken David Liu ya fitar a 2016, ba ya datse zaren. Ki tuna allo: harafin ba da harafin ta jikinsu ɗaya, ɗigo ne ya raba su. Haka wannan dabara take taɓa harafi guda, C ya koma T, ko A ya koma G. Abin da ke ɓata min rai shi ne ba ta iya mayar da T zuwa A, wanda shi ne ainihin abin da mai sikila ke buƙata.

Firaim, ta 2019, daga wurin Liu ɗin dai, ita ce ke zuwa da nata rubutun, ta kankare kuskuren ta rubuta daidai. Tana iya kowane irin musanyar harafi. A ganina ita ce ta fi dacewa da sikila, amma har yanzu ba ta wuce matakin gwaji ba.

Maganin da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, Casgevy, da almakashin aka yi shi, kuma bai taɓa harafin sikila ba. Ya lalata makunnin BCL11A ne, wato ƙwayar gadon da ke hana jiki yin jinin jarirai bayan haihuwa, sai jiki ya koma yin irin jinin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa.

Ki sani kuma ba allura ɗaya ba ce. Ana ɗibar ƙwayoyin ɓargo, a gyara su a waje, a ba mara lafiya magani mai ƙarfi irin na cutar kansa, wanda kan iya hana haihuwa, sannan a mayar masa da su. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, alhali babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu sikila. Don haka kada ki bar zuwa asibiti da ba shi magungunansa kina jiran wannan.